Me ya sa tekun da ke gefen hamada ya fi ko'ina kifi, kuma me ya sa yanzu kifin ke ƙarewa?

In ka buɗe taswira ka dubi gaɓar tekun Muritaniya, abin da za ka gani rairayi ne ya gangaro har bakin ruwa, ba kogi ba daji ba komai. Garin Nuwadibu ruwan saman da yake samu a shekara guda bai kai milimita 50 ba. Amma tekun da ke gaban wannan rairayin yana cikin wuraren da suka fi ko'ina albarkar kifi a duniya, kuma ba shi kaɗai ba ne, haka gaɓar Namibiya take, haka ta Peru, haka ta Kalifoniya da yankin Meziko da ke ƙasa da ita. Wuraren nan huɗu in ka haɗa su ba su kai kashi 1 cikin 100 na faɗin tekun duniya ba, amma wajen kashi 20 cikin 100 na kifin da ake kamawa a teku daga nan yake fitowa. Kuma dukansu busasshiyar ƙasa ce a gefensu. To wannan ba dace ba ne, abu ɗaya ne ya haifi hamadar ya kuma haifi kifin.

Abin shi ne iska. A gaɓar Maroko da Muritaniya da Senegal iska tana kaɗawa ne daga arewa zuwa kudu, tana bin gefen gaɓa. Hankali zai ce ruwa ma ya bi iskar ya yi kudu ko? Ba haka yake yi ba, saboda juyawar da duniya take yi tana karkatar da duk abin da ke tafiya a kanta, a ɓangarenmu na arewa zuwa hannun dama. Wanda ya fuskanci kudu kuwa damarsa yamma ce, wato cikin teku. Kenan ruwan sama-sama sai ya riƙa janyewa daga gaɓa yana nausawa cikin Atlantika, gurbin da ya bari kuma dole wani ruwan ya cike, sai ruwan ƙasa daga zurfin mita 100 zuwa 300 ya taso. Kamar dai ka hura kunu a kwano, na sama ya matsa gefe na ƙasa ya ɓullo. Wani masani ɗan Suwidin mai suna Ekman ne ya fitar da lissafin a 1905, bayan Fridtjof Nansen ɗan Norwe ya lura a tafiyarsa ta tekun ƙanƙara cewa ƙanƙarar ba ta bin iska kai tsaye, kullum sai ta ɗan kauce dama.

Ruwan da ke tasowan nan sanyi gare shi, kuma cike yake da sinadaran naitiret da fosfet, su ɗin dai da manomi yake saye a buhun takin zamani. Shekara da shekaru duk abin da ya mutu a teku yana nitsewa yana ruɓewa a can ƙasa inda ba haske, ba mai amfani da shi, da zarar ya taso ya haɗu da rana sai ƙananan tsirran ruwa da ido ba ya gani su yi ta hayayyafa har ruwan ya koma kore, ana ganinsa ƙarara a hotunan tauraron ɗan'adam. Ƙananan ƙwarin ruwa su ci tsirran, ƙananan kifi su ci ƙwarin, manyan kifi da tsuntsaye da mutane su ci ƙananan kifin. Sanyin ruwan kuma shi yake hana iskar da ke kansa tashi sama ta haɗa hadari, shi ya sa gaɓar take samun hazo amma ba ruwan sama. Daga Nuwadibu zuwa arewa abin yana tafiya kusan duk shekara, a Senegal kuwa na lokaci ne, yana farawa wajen ƙarshen shekara ya kai wajen watan Mayu, lokacin da mu nan muke fama da hunturu har zuwa bazara.

Kifin da ya fi cin moriyar wannan tsari shi ne sadinela, wanda Wolof suke kira yaboy. Iri biyu ne, akwai mai zagayayyen jiki akwai mai faɗi, ga kuma ɗan'uwansu bonga da ke son bakin kogi. Kifin talaka ne. Shi mata suke ƙyafewa a garuruwan Joal da Mbur na Senegal su busar su barbaɗa gishiri, a loda a manyan motoci a kai har Mali da Burkina Faso da Gini, mutanen da ba su taɓa ganin teku ba. Mu ma muna cikin lissafin, don wani kaso na daskararren kifin da ake sauke wa a Legas a hau da shi arewa a motocin sanyi daga wannan ruwan yake, haka kifin gwangwanin da ake kawowa daga Maroko. Saboda haka in an ce yaboy na ƙarewa ba labarin wasu can ba ne.

To ta yaya ma ake sanin kifi nawa ne a cikin teku? Wannan ɓangaren ne mutane ba su cika ji ba, kuma gaskiya aikin yana burge ni. Akwai jirgin bincike na Norwe da ke aiki tare da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya wato FAO, an sa masa sunan Nansen ɗin nan da na ambata, shirin ya fara tun 1975. Jirgin yana tafiya ne a layi-layi, daga kusa da gaɓa ya nausa ciki ya dawo, yana harba sauti ƙasa. Yawancin kifayen nan suna da wata 'yar jakar iska a ciki da ke taimaka musu yin iyo, sauti in ya bugi jakar sai ya dawo, na'ura ta zana garken a allon kwamfuta. Amma sauti ba ya faɗa maka wane kifi ne, dole a jefa taru a kamo samfur, a zube a kan tebur a ware iri-iri, a auna tsawo, a auna nauyi, a farke ciki a duba ƙwai. Sai kuma a tsaga kan kifin a zaro wani ɗan farin dutse da ke cikin kunnensa, ƙanƙani ne ƙwarai sai da hantsaki ake ɗaukarsa, a sa a madubin ƙara girma a ƙirga layukan da ke jikinsa, su ne ke nuna shekarun kifin. A tudu kuma akwai ma'aikatan cibiyoyin binciken teku, IMROP ta Nuwadibu da CRODT ta Dakar, suna tsayawa a bakin ruwa a Kayar da Mbur da sauran wuraren sauke kaya da littafi da ma'auni, kwale-kwale nawa suka fita, akwati nawa suka dawo da shi, girman kifin yaya. In ka ga shekara bayan shekara kifin da ake saukewa yana ƙanƙancewa, manya sun ɓace sai yara, to an fara cin jari ba riba ba.

Kuma abin da alƙaluman suka nuna kenan. Kwamitin masana na FAO da ke bibiyar ƙananan kifayen yankin ya daɗe yana cewa sadinela da bonga ana kama su fiye da ƙima, ya sha ba da shawarar a rage kamun da rabi ko ma fiye.

Dalili biyu ne suka haɗu, kuma ina ganin kuskure ne a ɗauki ɗaya a bar ɗaya. Na farko ɗumamar ruwa. Wani bincike da masanan Senegal da abokan aikinsu suka fitar a 2024, da suka tattara bayanan jiragen bincike daga 1995 zuwa 2015, ya nuna sadinela mai zagayayyen jiki ta matsa arewa da kusan kilomita 180 a tsawon lokacin. Kilomita 180 a taswira ba wani abu ba ne, amma ga masuncin garin San-Luwi na Senegal da ke daf da iyakar Muritaniya, ma'anarsa kifin da ubansa yake kamawa a ƙofar gida yanzu yana ruwan Muritaniya, sai da lasisi, in ba lasisi a ƙwace kwale-kwale da inji, har rayuka an rasa a wannan rikicin. Na biyu kuma wanda ya fi saurin ɓarna shi ne masana'antun garin kifi. Wajen 2010 'yan ƙalilan ne a Muritaniya, cikin shekaru kaɗan suka zama gommai, mafi yawa a Nuwadibu, a Gambiya ma aka kafa a Gunjur da Sanyang da Kartong. Ana dafa kifin a matse mai a busar a niƙa, kilo 4 zuwa 5 na ɗanyen kifi ke ba da kilo ɗaya na gari, sai a fitar zuwa Chaina da Turkiyya da Turai a ciyar da kifin gona da kaji da aladu. Da farko an ce ai ragowar kifi da wanda ya lalace za a riƙa niƙawa, amma masana'anta ba ta iya zama jiran ragowa, sai aka shigo da jiragen kamu masu manyan taru, ciki har da na Turkiyya, suna kwaso lafiyayyen kifi kai tsaye. Rahoton Greenpeace da Changing Markets na 2021 ya ƙiyasta kifin da ake niƙawa ya haura tan 500,000 duk shekara, abin da zai isa mutum miliyan 33. Ko da ka ce ƙungiyoyin fafutuka ne ka rage wani abu a lissafinsu, matar da ke ƙyafe kifi a Joal ba za ta iya gasar farashi da kamfanin da ke biya da kuɗin waje ba, wannan kam ba sai an yi bincike ba.

Akwai wani wuri a gaɓar da ya kamata a tsaya a kansa, Bank Dargen, tsakanin Nuwadibu da Nuwakshot. Gandun ƙasa ne tun 1976, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1989, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 12,000, rabi tudu rabi ruwa. Ruwan ba zurfi, har wani jirgin yaƙin Faransa ya taɓa kafewa a nan a 1816. In ruwa ya janye sai taɓo da ciyawar teku su bayyana iya ganinka. A nan kifaye da yawa suke renon 'ya'yansu kafin su fita babban teku, kuma an hana jirgi mai inji kamun kifi a ciki, sai mutanen Imragen mazauna wurin kawai da kwale-kwalensu na filafilai. Su ne aka sani da kamun kifin mulet da taimakon dolfin, su shiga ruwa da taru a kafaɗa, a bugi ruwa da sanda, dolfin su taso suna koro garken zuwa gaɓa, ko da yake wannan al'adar ta ja baya sosai.

Tsuntsaye wajen miliyan 2 ne ke zuwa cin rani a nan daga arewacin Turai da Saberiya da Girinlan. Cikinsu akwai wani ɗan tsuntsun bakin ruwa mai jan ƙirji da ke ƙyanƙyasa a yankin Taimir na Rasha, kuma labarinsa na cikin abubuwan da suka fi tsaya min a rai a wannan fannin. Masanan cibiyar NIOZ ta Holan ƙarƙashin Jan van Gils sun wallafa a 2016 cewa tsuntsun yana ƙanƙancewa. A can Saberiya ƙanƙara tana narkewa da wuri fiye da da, wajen mako biyu cikin shekaru talatin da 'yan kai, ƙwari su fito da wuri, kafin 'yan tsakin su ƙyanƙyashe kakar ƙwarin ta wuce, sai su tashi da ƙaramin jiki da gajeren baki. Ba a can suke mutuwa ba. Sai sun yi tafiyar dubban kilomita sun sauka a taɓon Muritaniya, inda abincinsu mafi kyau wani ɗan kumbar ruwa ne da ke binne a cikin taɓo, mai dogon baki ya kai gare shi, mai gajeren baki ya kasa, sai ya koma cin saiwar ciyawa wadda ba ta riƙe shi. Milimita kaɗan a tsawon baki su ke raba wanda zai rayu da wanda ba zai ga shekara ta biyu ba. Da masanan sun tsaya a Rasha kawai ko a Muritaniya kawai da ba su gane komai ba.

A kogunan dutsen da ke Ras Nuwadibu kuma akwai garke mafi girma na wani irin sil, dabbar teku mai shayarwa, wanda duk duniya ba su kai dubu ba. A 1997 kusan kashi biyu cikin uku na garken suka mutu cikin 'yan watanni, masana suka rabu, wasu suka ce gubar gansakukar teku ce wasu suka ce ƙwayar cuta ce. An killace wurin an hana sa taru kusa da kogunan, a hankali suka farfaɗo suka haura 300. Na kawo wannan ne don a ga cewa in an bi abin da bincike ya nuna yana aiki.

Sai batun ƙasa da duwatsu, wanda mutane ke ɗauka ba ruwansa da kifi. A 2003 jirgin binciken Jamus mai suna Meteor ya gano wani ƙaton kwazazzabo a ƙarƙashin teku daura da Kap Timiris a gaɓar Muritaniya, faɗinsa ya kai kilomita 2 da rabi, zurfinsa a wasu wuraren kilomita guda, yana lanƙwasa irin ta kogi. Irin wannan kwazazzabon galibi a bakin manyan koguna ake samunsa, to ina kogin alhali gabansa hamada ce? Sai a 2015 Charlotte Skonieczny da abokan aikinta suka yi amfani da radar wani tauraron ɗan'adam na Japan da ke iya leƙa ƙarƙashin busasshen rairayi, suka ga hanyar tsohon kogi mai tsawon wajen kilomita 500 ta miƙe har bakin kwazazzabon. Kogin Tamanraset ake ce masa, ruwansa daga duwatsun Hoggar da Atlas na Aljeriya yake tasowa, ya yi gudu a lokutan da Sahara take kore, na ƙarshe ya ƙare wajen shekaru 5,000 da suka wuce. Lakar da masana ke haƙowa daga ƙasan tekun nan tana ɗauke da tarihin: wani sashe lakar kogi, wani sashe ƙurar hamada, kana karanta lokacin damina da lokacin fari na dubban shekaru. A zurfin mita 400 zuwa 600 kuma an gano jerin tuddan murjanin ruwan sanyi da ya miƙe ɗaruruwan kilomita a gefen gaɓar Muritaniya, wasu tsayinsu ya kai mita 100, maɓoyar kifi ce babba.

Duwatsun ƙasan tekun ne kuma suka ɓoye iskar gas ɗin da aka gano a 2015 a kan iyakar Senegal da Muritaniya, wadda kamfanonin BP da Kosmos suka fara haƙowa a ƙarshen 2024. Tashar sarrafa gas ɗin tana wajen kilomita 10 daga San-Luwi, kusa da wani wurin duwatsu da masuntan unguwar Get Ndar suka gada suna kamu, yanzu an shata da'irar da ba a shiga. Mutanen nan dama suna da tabo. A watan Oktoban 2003 da kogin Senegal ya yi barazanar cinye garin, hukuma ta yanka wata 'yar hanya mai faɗin mita 4 a siririn tudun rairayin da ya raba kogin da teku don ruwa ya fita. Ruwan ya fita, amma igiyar teku ta kama bakin yankan tana ci, mita 4 ta zama kilomitoci, ƙauyen Dun Baba Diyey ya nitse, ruwan gishiri ya shiga gonaki, masunta da yawa sun halaka a wajen tsallaka sabon bakin. An yi shi cikin gaggawa ba tare da cikakken nazarin yadda rairayi ke tafiya a gaɓar ba, kuma har yau ana biyan kuɗin wannan gaggawar.

Ni a ganina matsalar yankin nan ba ƙarancin sani ba ce. An san yadda ruwan ke tasowa, an san inda kifin ke zuba ƙwai, an san yana ƙaura tsakanin Maroko da Muritaniya da Senegal da Gambiya yana bin sanyin ruwa. Garke ɗaya ne ƙasashe huɗu suke ɗiba, amma babu wata yarjejeniya mai ƙarfin doka da ta ce ga jimillar abin da za a kama ga kason kowa, shawarar masana shawara ce kawai, kowace ƙasa tana tsoron in ta rage maƙwabciya ta kwashe. An ɗan motsa, Muritaniya ta kafa dokokin taƙaita niƙa sadinela, yarjejeniyar kamun kifi ta Senegal da Tarayyar Turai ta ƙare a Nuwamban 2024 ba a sabunta ba. Sai dai kwale-kwalen da babu kifin da za su kamo su ne yanzu suke ɗaukar matasa zuwa tsibiran Kanari na Sifaniya, a 2024 kaɗai sama da mutum 46,000 suka isa, ban da waɗanda teku ta ci.

Masu cewa ai ƙaramin kifi ne mai saurin hayayyafa, in an bar shi shekara biyu zai dawo, su dubi Namibiya. Tsarin ruwanta irin wannan ne sak. A 1968 an kama sadin, ɗan'uwan sadinela, wajen tan miliyan 1.4 a can, mafi yawa don niƙa gari, cikin 'yan shekaru garken ya rushe. Gurbin da ya bari wani ɗan kifin ƙasan ruwa da halittun nan masu jikin yauƙi da harbi suka mamaye, tsuntsayen teku da ke dogaro da sadin, ciki har da fengwin na Afirka, suka ragu ƙwarai. A 2018 gwamnatin Namibiya ta dakatar da kamun sadin gaba ɗaya, shekaru hamsin bayan wancan babban kamun, garken bai koma yadda yake ba.